Kifin da ya zo tare da 'yan ta'aziyya

Maigidana ya yi shekaru yana aikin kula da alhazai a Jidda. Da ya tashi dawowa Zariya a ƙarshen shekarun tamanin, bai zo da darduma ko agogon bango irin na mutane ba. Akwatin gilashi ya kawo mai tsawon gadon yaro, da buhunan gishirin teku, da wasu duwatsu masu ramuka da ya naɗo cikin jiƙaƙƙen tsumma. A falona ya kafa akwatin, a gidan gadonsu da ke Ƙofar Galadima, wai ɗakinsa ya cika zafi. Na ce masa ɗakin nasa baƙi ya cika, dariyarsu yake gudu. Bai musa ba.

Duwatsun nan masu rai ne, haka ya koya mini. A jikinsu akwai murjani, wanda ni a wuyan kakata kawai na san shi, ashe halitta ce mai buɗewa da rufewa. A cikin ramukan kuma akwai tsutsotsi da ƙananan abubuwa da ba su da suna a bakinmu. Ya zuba 'yan kifaye shuɗaye marasa kunya, waɗanda ko tuwo ka jefa musu sai sun yi wawa. In an ɗauke wuta ya jona famfon iska da batirin mota, in batirin ya mutu mu zauna da ludayi muna sheƙa ruwan kamar masu fifita kunu. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma 'yan'uwansa mata ba su taɓa gajiya da cewa ga abin da muke raino ba. Mu dai mun ji daɗin zaman nan, ba zan ɓoye ba.

Sai wani abu ya fara tsirowa a kan duwatsun. Kamar ɗan fure ne mai ruwan ƙasa, da siraran hannuwa masu kaɗawa, amma dabba ce, kuma tana harbi. Duk murjanin da ke kusa da ita sai ya ƙanƙance ya mutu. Malam, haka nake kiran maigidan, ya raɗa mata suna ƙuduji, saboda abin da ƙuduji ke yi wa dawa a gona. Ya yi yaƙi da ita har gidan kowa ya sani. Ya sayo sirinji yana ɗura mata tafasasshen ruwa, ya koma ruwan lemun tsami. Ran da ya fusata ya kankare ta da reza, kowane ɓarɓashi ya je ya kama wani wuri ya zama sabuwa. A ƙarshe wani abokinsa na can ya gaya masa akwai kifin da abincinsa ke nan, ana ce masa malam-buɗe-littafi na teku. Malam ya roƙe shi ya taho masa da guda idan zai zo gida.

Kafin abokin ya zo, Malam ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kaduna. Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Ana cikin zaman makoki aka ce wani baƙo yana neman yi mini gaisuwa daga bakin ƙofa. Abokin ne. Sai da ya sauka a Kano ya ji labari. Ya durƙusa daga waje, ya yi ta'aziyya, sannan ya turo wata kula ta ƙarƙashin labule.

"Hajiya, saƙon marigayi ne. Na rasa inda zan kai shi."

A cikin kular akwai leda mai ruwa, a cikin ledar kifi faffaɗa kamar tafin hannu, rawaya, da baƙin zane a kan idonsa da ɗan tsinin baki. Matan da ke ɗakin suka miƙo wuya. Na tashi a gabansu, da hijabin takaba a jikina, na yi yadda na ga Malam yana yi: na sa ledar ta yi iyo a akwatin, ina ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan, sannan na sake shi. Ya shige bayan dutse. Wannan ne abu na ƙarshe da Malam ya nema a duniya, ya iso bai tarar da shi ba, kuma na ƙudura a raina ba zai mutu a hannuna ba.

Sai kifi ya ƙi cin abinci. Na ba shi garin da shuɗayen ke ci, ko kallo bai yi ba. Na daka busasshen kifi, na murtsuke gwaiduwar ƙwai, na yanka hanta siri-siri. Na sa aka tono mini tana, na tace 'ya'yan sauro daga tsohuwar randa. Duk shuɗayen ne suka yi ƙiba. Shi kuwa yana bayan dutse, ga ƙudujin da aka kawo shi dominta tana kaɗa masa hannu a gaban hanci, bai taɓa ta ba. Bayansa ya fara tsukewa daga saman kai, alamar da Malam ya taɓa ce mini in an gan ta an kusa rasa kifi.

Na san abin da ke damunsa. Kifin nan shiru yake so da duhu-duhu, an kuwa kawo shi ɗakin mai takaba a cikin birni, inda ba a rufe ƙofa. Daga hantsi zuwa magariba mata ne ke shiga suna fita. Kowace in ta gama "ya haƙuri" sai ta matsa ta ƙwanƙwasa gilashin da zobe, wai ya fito ta gan shi. Na ɗauko zane na lulluɓe akwatin.

Babbar yayar Malam, wadda duk gidan muke ce wa Yaya, ita ce mai faɗa a ji bayan surukata. Ta shigo ta ga zanen.

"Malama, kifin ma takabar yake yi?"

Malama take ce mini saboda ina koyarwa a firamare, kuma ba don girmamawa take faɗa ba. Na ce tsoron mutane yake ji.

"To Allah ya kyauta. Ke ba kya ci, shi ba ya ci. Ga 'yan'uwansa nan suna ta harkarsu, shi ne mai tsirfa."

Ta yaye zanen ta ninke, ta ce mutane za su ɗauka wani abu muke ɓoyewa. Tana fita na mayar. Haka muka yi ta yi da ita har masu gaisuwa suka ragu.

Wata safiya bayan sallar asuba ina zaune da carbi, gari ya fara haske, na ga ya fito. Ya zagaya wata ƙuduji, ya karkata, ya ja da baya. Sai ya kai mata cafka. Ta shige raminta, ya tsaya yana jira, da ta leƙo ya ƙara. Na ƙame a inda nake don kada inuwata ta motsa. Da ya gama da ita ya wuce ta gaba. Ranar na yi kuka irin wanda ban yi ba ran da aka fita da Malam, kuma na karya da ƙosai har ina neman ƙari.

Daga nan ya murmure. Bayansa ya cike, ya san ni, in na matso ya zo gaban gilashi yana karkata kai. Murjanin da suka rage suka fara buɗewa. Amma ban da ƙuduji da tsutsotsin ramukan duwatsu, ba abin da yake sa wa a baki. Da na ga tana raguwa sai tsoro ya kama ni. Na ciro dutse ɗaya na sa a bahon roba da ruwan gishiri a gindin tagar da ke bayan gado, na ɗauki rezar Malam na kankare ƙudujin da gangan, ina barbaɗa mata garin kifi. Ta yaɗu kuwa. In dutsen baho ya cika in musanya shi da na akwati. Abin da mijina ya yi ta yaƙi da shi, ga ni ina nomansa a bayan gado. Na san da zai yi dariya har ya riƙe ciki.

Ina kuma koya masa wani abincin a hankali. Nakan sa a samo mini dodon koɗi daga bakin kogin Kubanni, in yanka naman in cusa a ramin dutse kusa da ƙuduji. Ya fara ɗanɗanawa yana tofarwa. Lokaci kawai yake bukata.

Bahon yana ɗan ƙarni, ban ce ba ya yi ba. Yaya kan shigo ta ɗaga hanci ta dubi bayan gado, ta dubi duwatsun akwatin da suka yi gansakuka, ta fice.

A gidan su Malam, ranar fitar takaba ba a barin matar a ɗakinta. Da sassafe ake kai ta gidan iyayenta a yi mata wanka da kitso da lalle, su kuma 'yan'uwan mamaci su shiga ɗakin su fitar da komai. A wanke na wankewa, a shafe bango da farar ƙasa, a turare, yadda in ta dawo ba za ta tarar da ko ƙurar zaman makoki ba. Karamci ne, kuma da shi suke alfahari a unguwa. Kafin in tafi gidan iyayena a Tukur-Tukur na sami Yaya har ɗakinta, na durƙusa.

"Yaya, don Allah akwatin nan da bahon bayan gado, a bar su yadda suke."

"Wa zai taɓa miki ruwanki, Malama? Mun san na gishiri ne. Je ki abinki."

Da la'asar aka dawo da ni cikin sabuwar atamfa. Falon ya cika da mata, surukata na zaune a kan kujera, ƙamshin turaren wuta har zaure. Bango fari tas. Akwatin yana ƙyalli, duwatsun da ke ciki kuma farare ne kamar an fere rogo. Babu ƙuduji, babu murjani, babu gansakuka. Kifin yana tsakiyar ruwa yana kai da kawowa.

Yaya ta taso da fara'arta.

"Ruwanki na nan, ko cokali ba mu zubar ba. Duwatsun kawai muka ciro. Toka muka sa da soson ƙarfe, muka kwarara musu tafasasshen ruwa, muka shanya a rana. Har na bahon. Wannan masifar da ta hana ƙanena sukuni har ya bar duniya, yau dai na rama masa."

Ta nuna mini hannuwanta. Duk sun kumbura, duwatsun sun yayyanke ta, ƙudujin kuma ta harbe ta har gwiwar hannu. Idonta ya kawo ruwa da ta ambaci ƙanenta. Matan ɗakin suna ta sa mata albarka, surukata tana kallona tana jiran abin da ya kamata.

Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya. Allah ya bar zumunci."

Wannan godiyar ita ce har yau take ci mini rai. Da a ce da mugunta ta yi, da na samu abin riƙewa, in yi fushi in huce. Amma ta ji roƙona sarai, ta auna shi, ta ga ba sai ta bi maganar matar da ba ta haifa musu komai ba a kan abin da ya shafi ƙanenta. Ta kuma yi shi da ƙauna, a gaban shaidu, yadda ko uwata ba zan iya kai wa ƙara ba.

Washegari kifin ya fito kamar kullum. Ya je dutsen farko ya kai baki, ya karkata ya duba, ya wuce na biyu. Haka ya wuni. Na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tocila ko ɓarɓashi ɗaya ya tsira, abin da Malam ya yi ta fama ya kasa kashewa. Toka da rana sun gama da shi. Na cusa naman dodon koɗi a ramukan, ya ɗanɗana ya tofar. Na aika Kano, na aika Legas wurin wani ɗan'uwanmu, ko akwai mai irin duwatsun nan. Wanda ya fahimci abin da nake nema ma bai samu ba. Abokin Malam kuwa ya riga ya koma Jidda.

Bayansa ya sake tsukewa. Ya daina zuwa gaban gilashi, sai dai ya jingina da dutse yana numfashi. Shuɗayen suna ta wawar garinsu a samansa. Wata safiya na tarar da shi kwance a ƙasan akwatin, launinsa ya koɗe. Na sa ludayi na ɗauko shi, na haƙa rami a gindin bishiyar lemun tsakar gida na rufe. Surukata ta leƙo ta taga ta ce Allah ya sa iyakar wahalar ke nan, yanzu sai in huta.

Ba a daɗe ba na fara haɗa kayana zan koma gidanmu. Shuɗayen na ba wani malamin jami'a a unguwar Kongo, nan Zariya, da ya ce zai iya da su. Ina cikin kwashe ruwan akwatin Yaya ta shigo taya ni ɗaurin kaya. Ta tsaya a kan duwatsun da na jera a tabarma.

"Malama, tunda kifin ya mutu, ba ni guda ɗaya mana. Irin wannan ai shi ake nema don kaushi."

Na miƙa mata. Ta zauna a bakin gadona, ta tuɓe takalmi, ta goga a diddigenta, ta duba, ta ƙara gogawa. Sannan ta ce lallai ƙanenta, Allah ya ji ƙansa, ya iya zaɓen dutse.