Rumfar Makokin Matar Alƙali Ra'afat

Na fara yi wa Ra'afat aski tun yana da gashin da za a aske. Ƙofar gidansa na kallon shagona a layinmu na Damanhur, a ƙasar Masar. Lokacin ƙaramin lauya ne, ofishinsa ɗaki ɗaya a saman mai sayar da wake, takardunsa duk warin tafarnuwa. Wanda aka kama ɗansa, wadda aka danne wa gado, duk wurinsa suke hawa. Da yamma ya sauko gidan shayi mu buga domino, in lallasa shi, in ce, "Ustaz, sai ka ɗaukaka ƙara."

Sai gwamnati ta ɗauke shi lauyanta. Ya koma sa kwat ko ana zafi, yana kare ma'aikatar noma a kan manoman da yake karewa jiya. Na ce, "Ustaz, bakin nan ba ya rikicewa?" Ya yi dariya, amma 'yar gajeruwa.

Ranar da aka naɗa shi alƙali, matata ta aika musu da farantin basbusa, kayan zaƙinmu na nan. Aka dawo da shi ba a taɓa ba. Ya zo da kansa, ya kira ni Usta, yadda ake kiran mai sana'a a nan.

"Usta Shahata, kada ka ji haushi. Alƙali ba ya cin na kowa, ba ya zuwa biki, ba ya zaman makoki. Gobe wani zai tsaya gabana, a ce na san shi."

Na kira shi da laƙabin manya. "To Basha, sallama fa? Ko ita ma toshiya ce?"

Haka ya yi sama da shekara ashirin. Ba wanda zai ce ya karɓi ko ƙwayar dabino. Amma mu a nan, wanda ya tsaya maka ranar mutuwa shi kake tsaya wa. Matarsa, Sitt Nawal, ita ce ke satar jiki ta shiga gidajen rasuwa ta zauna da mata.

Bai daɗe da yin ritaya ba Nawal ta rasu. Ba su haihu ba. Ya sa aka kafa rumfa ta cike layin, da kujeru masu ruwan zinariya, da mai karatun Alƙur'ani daga garin Tanta. Mata suka cika gidan har kan matakala. Tsoffin abokan aikinsa suka bugo waya. A rumfar maza kuwa, daga shi sai ni sai mai raba gahawa.

Ra'afat na tsaye a bakin rumfa, hannu a shirye don musafaha.

"Usta, ko ba a sanar ba ne?"

"An sanar, Basha."

Na nufi gidan shayi in taso mutane. Gabir makanike ya ce, "Shi ya zo makokin ubana?"

"Ubanka ko ni da ƙyar na je, bai taɓa yaba askina ba. Tashi. Matar nan ce ta yi wa uwarka wanka."

Kaɗan suka biyo ni, suna jan ƙafa. Ya bi su da musafaha ɗaya bayan ɗaya, ina raɗa masa sunaye.

Da mai karatu ya tsahirta, ya karkato wajena. "Hajji Bayyumi bai zo ba. Ko fushi yake da ni? Shi ya fara kawo mini shari'a a duniya."

"Basha, Bayyumi ya daɗe da rasuwa. A nan aka kafa tasa rumfar. Direbanka ya zagaya da kai ta bayan layi don kada ku ratsa ta."

Ya kalli takalminsa.

"Ya bar 'ya'ya?"

"Ga babban can, mai furfura. Yanzu ka gaisa da shi."

Ya miƙe a hankali, ya ratsa kujerun da ba kowa a kansu, ya tsaya gaban mutumin. Ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajji."

Ɗan Bayyumi ya dubi hannun, ya dube ni. Sannan ya matsa masa kujerar kusa da shi.