Tukunyar Ƙarshe ta Baba Shekari

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuni, Ubangiji ya kira maƙwabcinmu Baba Shekari na Kakuri, bayan jinyar da ta daɗe tana cin sa. Har yau idan na buɗe tagata sai in ga kamar kana tsaye a bayan gidanku, Baba, dawa na zuba daga hannunka, tattabaru na sauka a kafaɗarka.

Tun da masaƙar da kake aiki ta rufe ka koma rataya tukwane a katanga domin tattabarunka. Hasbiyoyin daji suka gano wurin, suka riƙa korar masu gida suna yin sheƙa. Mu muka ce a fasa ƙwan. Kai kuwa sai ka yi dariya, ka ce, “Mai ƙwai ba a korarta.” Sai ka sayo sabuwar tukunya ka rataya wa naka. Ran da 'ya'yan baƙuwa suka tashi, ka toshe bakin tsohuwar tukunyar da tsumma har uwar ta haƙura. Haka katangar ta cika, da yamma ana jin kukansu kamar ruwa na tafasa a hankali.

Bana mujiya ce ta shiga babbar tukunya ta can sama. Unguwa ta ɗauka, wai mutuwa ta sauka gidanku. Kana kwance, numfashi da ƙyar, ka ce a bar ta, tana kan ƙwai. Yanzu ga shi ana raɗa wai ita ta ɗauke ka. Haba jama'a! Ciwon nan ya riga ta zuwa, kowa ya sani. Wannan magana tana ƙona mini rai.

Shekaranjiya na yi mafarkinka a kan tsani, cikin farar riga, kana leƙa tukunyar kana murmushi.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, Baba, ya ba ka wuri a gidansa kamar yadda ka ba baƙi. Mama Miriam, matarsa, Allah ya share miki hawaye. Joseph da Tony, 'ya'yansa, Allah ya ba ku haƙuri.

Tony, jiya na hango ka gindin katanga da kalanzir da ashana. Don Allah ɗana, ajiye. 'Yan mujiyar sun fara fiffike, saura kaɗan su tashi. Tsumman da babanka ya tanada yana nan rataye a ƙusa.