Teburin da Ba Shi da Soket

A asibitin kowa Akawu yake ce masa, har matarsa ma in tana son zolaya. Tun zamanin keken rubutu yake ɗakin yankan kati, kuma an san hannunsa: kafin majinyaci ya gama faɗin sunan unguwarsu, ya buga ya miƙa masa. Mutum ne marar hayaniya, ba ya makara, rigarsa kullum a goge.

Da aka mayar da rajistar majinyata kan intanet, sai aka ba shi laftof, aka matsar da teburinsa bakin taga don layi ya riƙa tsayawa a waje. Bangon nan kuwa ba soket. Da sassafe yakan sa caji a ofishin shugaban sashe, in ta cika ya zare ya koma wurinsa. Da farko shafin rajistar ya riƙa buɗewa ba laifi, amma da batir ya fara ja da baya sai burauza, manhajar da ke buɗe shafin, ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Ya danna suna, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, shi yana kallonta, mutane suna kallonsa.

Layin marasa lafiya ba ya da haƙuri. Ya sha tsaki, ya sha habaici. Wata rana wata mata goye da yarinya mai zazzaɓi ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, in ba ka iya ba ka tashi mana. Kashe mu za ka yi a tsaye?" Ranar ko abincin da ya zo da shi bai taɓa ba.

Ya tambayi mai gyaran kwamfutocin asibitin, ya ce masa matsalar sabis ce, ya wuce. Akawu ya kai kuka wurin shugaban sashe. Shugaba ya jona laftof ɗin a soket ɗin ofishinsa, ya danna, shafi ya buɗe nan take. Ya juyo da ita ya nuna masa, yana murmushi.

"Malam, na'ura lafiyarta ƙalau. Shekaru ne, ba wanda suke bari."

Abin takaicin shi ne Akawu ya yarda. Ya canja tabarau, ya daina hira da abokan aiki, ya riƙa zargin yatsunsa. Da aka ba shi shawarar ya ajiye aiki kafin lokacinsa, bai yi gardama ba. Aka raba lemo, aka yabi haƙurinsa, ya kwashe kofinsa da sallayarsa ya tafi.

Hawan jini ne ya dawo da shi asibitin, ya bi layi a tagar da ya yi aiki a bayanta. Layin tafiya yake kamar ruwa. Matar da ta gaje shi ta gane shi, ta gaishe shi da ladabi. Ya ga laftof ɗinsa ce, har da tsagewar da ke gefen murfin. Ya tambaye ta yadda take yi da ita. Ta ce ai ita ma ta ɗanɗana, sai da ta tsare mai gyara ta ƙi sakinsa. Mai gyaran ya shiga saiti ya kashe tsimin batir, wanda ke rage wa na'ura sauri in ba a jone take da wuta ba, na kwamfutar da na cikin burauzar, sannan ya jawo mata doguwar waya daga ɗakin magani. Kafin shayinta ya huce an gama.

Akawu ya samu mai gyara a bayan ɗakin awo yana cin gyaɗa. Mutumin bai musa ba. Ya ce shi da kansa ya kunna tsimin, don batirin ya tsufa, shugaba kuma ya ce a lallaɓa ya riƙa kaiwa lokacin tashi. Wai ya sha'afa ne kawai. Ya miƙa masa gyaɗa, ya tambayi iyali.

A gida matarsa ta tashi tsaye ta ce sai ya koma ya faɗa wa shugaba a gaban kowa. Ya ce mata shugaban an yi masa ƙarin girma, kujerar kuma da mai ita. Ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa, ya juya fuska bango.

Yanzu a shagon ƙanensa yake wuni, yana auna wa mutane ƙusa da fenti. Ƙanen ya so ya sayo kwamfuta don shagon, ya ce ga gwani a gida. Akawu ya ce ranar da ta shigo, shi ranar zai fita.