Awakin Tanko

A gidanmu na Makka, in an idar da sallar isha, Sitti, kakarmu, takan hura gawayi a soron sama ta ɗora shayi. Mukan kewaye ta, duwatsun gari suna huce zafin yini, hayaƙin turaren lubban yana bin mayafinta.

"Ga wata nan tafe daga bakin kogin Nilu," in ji ta, in za ta buɗe labari.

Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, Sitti, an yi mata shimfiɗa!"

Labarin da na fi so shi ne na gonar audugar wani Bature a Sudan, inda ita da kakanmu suka yada zango shekaru a hanyarsu ta Hajji. Kakanmu shi ne wakilin gonar: shi ke raba filaye ga masu haya, shi ke saye da sayar da dabbobin Baturen. Cikin masu hayar akwai Tanko, mutumin Katsina, mafaɗaci, wanda awakinsa ba su da aiki sai cinye tsiron auduga. Ran nan Baturen ya ce ko a sayar da su, ko Tanko ya bar filinsa. Tanko ya rantse ba ya sayarwa, don nononsu 'ya'yansa marayu ke sha.

"Kakanku ya kasa cin tuwo," in ji Sitti. "Ya kori ɗan'uwansa matafiyi? Sai na ce, halas, magana ta ƙare, a kawo mini awakin riƙo. Haihuwar fari ta Tanko, ta biyu tawa."

Ta ɗaure su bayan ɗakinta tana ba su harawa, yaran suna zuwa tatsa. Tanko ya tsira da filinsa. Amma kullum da safe sai ga shi bakin danga. Nan Sitti takan kumbura kumatu ta kwaikwayi muryarsa: "Uwargida, wannan akuyar ta rame! Igiyar nan ta yi gajarta!" Mu kuwa har faɗuwa muke don dariya.

Wata rana na tambaye ta, "Ya gode miki kuwa?"

"Godiya, ya binti, 'yata? Ranar da za mu taso cewa ya yi na lalata wa awakinsa hali."

A da ina jin haushinsa. Sai da na girma na lura Sitti ba ta taɓa gyara Tanko a labarin ba, ba ta kuma taɓa faɗin sunansa ba tare da murmushi ba. Ta san halinsa sarai kafin ta karɓi igiyar. Yaran nan dai sun sha nono, kakanmu kuma ya ci tuwonsa.