Yadda Na Sayar da Gonar Kawuna Yana Raye

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Maruta, a ƙasar Gwaram, daga cikin 'yan gidajen Kirista da ke wurin. Ba zan faɗi sunana ba, waɗanda suka san ni za su gane ni. Iyayena sun rasu ina ƙarami, ƙanen mahaifiyata, Kawu Bitrus, shi ya riƙe ni. Manomi ne na gero da riɗi, yana ɗingishi saboda amalanken shanu ya taɓa taka masa ƙafa tun yana saurayi. Matarsa, Inna Saratu, ta riga shi tafiya da shekaru. Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Ina cikin mawaƙan coci, ina da murya, ina kuma da daɗin baki.

Da na zama saurayi sai na koma Birnin Kudu ina kamasho a tasha. Kullum ina ganin sa'o'ina sun dawo daga Kano da shadda da sabon babur. A raina na ce in an rufe mutum da ƙasa magana ta ƙare, gara in ci rabona tun yanzu. Waƙoƙin tashin matattu kuwa, da baki kawai nake rera su.

Da ƙaramar ƙarya na fara. Wata rana ba ni da kuɗin mota, na ce wa wani direba kawuna na kwance ba lafiya. Ya ɗauke ni kyauta, har ya saya mini rake. Na ga abin ya yi sauƙi. Daga ciwo sai na koma mutuwa. Sau uku na kashe Kawu Bitrus a wurin mutane daban-daban, ana yi mini ta'aziyya ana sa mini abu a aljihu. Na farko ciwon ciki, na biyu maciji, na uku kuwa cewa na yi ya faɗo daga kan kuka, mutumin da ko katanga ba ya iya hawa.

Sai ga wani Alhaji, ɗan kasuwar riɗi daga Kano, yana neman gona a wajenmu. Na ce masa kawuna ya rasu ya bar mini gado. Na kai shi ranar Lahadi da safe, lokacin da na san Kawu yana coci, ya zaga gonar ta yi masa. Na samo abokai biyu suka tsaya shaida, muka rubuta takarda. A makon na sayi babur ja.

Da ruwan farko ya sauka, Alhaji ya je da masu shuka, ya tarar da wani tsoho da fartanya a tsakiyar gona. Shi da kansa ya maimaita hirarsu a gaban alƙali.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Wa ya sa ka aiki a nan?"

Kawu ya ce, "Gonata ce, Alhaji."

"Ai mai gonar nan ya rasu. Ɗan 'yar'uwarsa ya sayar mini."

"Yaushe ya rasu?"

"Wata biyu ke nan."

Kawu ya jingina da fartanya ya ce, "To, ni dai ba a sanar da ni ba."

Har alƙali sai da ya sunkuyar da kai yana dariya. Amma dariyar ba ta hana shi ba ni shekara biyu ba. Aka karɓe babur aka ba Alhaji.

Gidan yari ba wurin wasa ba ne, kada raha ta ruɗe ku. Akwai zafi, akwai kwarkwata, ga kunya wadda ta fi su duka ciwo. Abokan nan biyu ba wanda ya leƙo ni. Ban zaci Kawu zai zo ba, sai ga shi a makon Ista, ya ɗingiso da ƙullin ƙuliƙuli da garin rogo. Na kasa ɗaga ido.

Ya ce, "Ɗago kai ka gaida marigayi."

Na fashe da kuka, shi kuwa yana ta dariya. Da na yi shiru ya ce, "Ɗana, tambaya ɗaya na zo da ita. Me kake so a duniya har ka yi wannan?"

Na gaya masa gaskiya: babur, shadda, nama kullum, in shigo tasha a ce ga wane.

Ya girgiza kai ya ce, "Ashe burinka ƙarami ne. Na zaci wani babban abu ne."

Na ce, "Kai fa, Kawu, me kake so?"

Ya ce, "Ni mai kwaɗayi ne, na fi ka nesa. Yesu ya mutu ya tashi da jikinsa, ya yi alkawari mu ma za mu tashi. Ina so in tashi da ƙafa biyu lafiyayyu in yi gudu. Ina so in ga fuskarsa. Ina so in ga Saratu da mahaifiyarka. In ta tambaye ni ina ɗanta, ina so in nuna ka da hannu. Gona kuwa, ko ba ka sayar ba wata rana zan bar ta."

Ba a ranar na shiryu ba. Na cinye ƙuliƙulin dai. Amma maganar ta ƙi barina. Na san Kawu ba mai ƙarya ba ne, kuma na ga bai ji tsoron mutuwa ba, bai ji zafin gona ba, ni kaɗai yake jin tsoron ya rasa. Na fara zama da masu addu'a ranar Lahadi. Waƙoƙin da na haddace tun ina yaro na soma jin abin da suke faɗa. In har akwai tashi, to mutanen da na cuta ma zan tsaya tare da su ido da ido. Wata safiya na durƙusa na roƙi gafarar Ubangiji, na tashi jikina sakayau. Abin mamaki, na wayi gari ina marmarin abubuwan da ban taɓa so ba: in yi magana a yarda, in ga mahaifiyata wadda ko kamanninta ban riƙe ba.

Da aka sake ni, kafin in je gida sai da na nemi Alhaji a rumfarsa. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya dube ni ya ce, "Tashi. Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ka gaida Baba."

Damina uku muka yi noma tare da Kawu. Bayan girbin ta uku ya kwanta, bayan kwana biyar ya rasu, hankalinsa kwance. Na je tashar Birnin Kudu in sanar da direbobin da suka san shi. Wani ya ce, "Wannan karon kuma me ya kashe shi?" Suka yi ta dariya. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Sai da faston cocinmu ya buga waya suka yarda. Suka cika mota suka zo gaisuwa, har da Alhaji. A bakin kabari ni na ba da waƙa, kuma ban taɓa rera ta da gaskiya kamar ranar ba.

Yanzu ina da mata da 'ya'ya biyu, ina noma, ina kuma kai riɗi kasuwa da mudu na gaskiya. Har yau ina son nama, in na samu ina ci da godiya.

Ku matasa, ƙannena, ku guji ƙaramar ƙaryar da ke kawo abu cikin sauƙi, don gobe za ta nemi babba. Kada ku cuci wanda ya ji tausayinku. Kuma ku zauna ku tambayi kanku abin da kuke so da gaske. In abin da za a iya ƙwace muku ne a kotu, ko a raba bayan an binne ku, bai kai ku sayar da mutuncinku dominsa ba. Ku so abin da zai tashi tare da ku.