Ranar da Na Mayar da Inna Bakin Tsohuwar Rijiya

Har yau ban san wanda na fi jin haushi ba, Baturen nan ko ni kaina.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Magariya. Wani abokina direba ya kawo mini shi daga Damagaram, wai mai ɗaukar hoto ne, yana neman mai jin Faransanci ya raka shi ƙauye. Ya ce ya gaji da wuraren da ake kai kowane baƙo, shi ƙauye na gaskiya yake nema. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina bari in kai shi garinmu, gabas da Bande, ya ga yadda muka ci gaba.

Abin da nake taƙama da shi fanfo ne. Shekara biyu ke nan da aka haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki a sama, hasken rana ke jawo ruwan. Kafin nan mahaifiyata, da muke kira Inna, tun tana amarya take jan guga a rijiya mai gaba ashirin, har tafin hannunta ya koma kamar ƙirgi.

Muka isa da hantsi. Mata sun jera jarkoki a fanfo, ana hira ana dariya. Ya dube su, ko ɗaga na'urarsa bai yi ba.

"Wannan ai ko'ina akwai shi," in ji shi. "A da ina ake ɗiban ruwa?"

Na kai shi tsohuwar rijiya, ciyawa ta kusa rufe bakinta. Nan fuskarsa ta washe. Ya ce in samo masa tsohuwa guda da tulu da guga, kada ta sa takalmi, kada a ga roba ko ɗaya.

Da ni ɗan kirki ne, da a nan na ce masa a'a. Amma ina tsoron ya ce mutanenmu ba su iya karɓar baƙo ba. Na je na gyara maganar, na ce, "Inna, baƙo yana son ganin yadda kuke yi a da, don tarihi."

Ta dube ni. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai mushe, Allah ya raba mu da wahala, kai kuma ka kwaso mai sha'awar kallonta?"

Duk da haka ta tashi, don baƙon ɗanta ne. Aka tono tulu a bayan rumbu, aka aro guga a maƙwabta. Ta fito da sabuwar atamfarta, salula rataye a wuya. Ya girgiza kai. Sai da ta koma ta ɗauro wani koɗaɗɗen zane da take sa wa in za ta gona. Ni na fassara mata wannan ma, da bakina.

Ta ja guga ya fito, ya ce haske bai yi ba. Ta sake, ya ce ta daina murmushi. A ja na uku icen bakin rijiyar da ta taka, ashe gara ta cinye cikinsa, ya karye. Allah ya kiyaye ba ciki ta faɗa ba, gefe ta yi, ƙugunta ya bugi tsohon kwamin shayar da shanu. Ina gudu zuwa gare ta na ji ƙyas, ƙyas. Sau biyu ya danna kafin ya sauke abin nan daga idonsa. Ko a kabari ba zan manta da wannan ƙarar ba.

Kada in ci haƙƙinsa, a motarsa aka kai ta likita a Bande, ya kuma yi ta ba da haƙuri. Washegari ya wuce Dungas don kada kasuwa ta tsere masa. Inna ta yi wata uku a kwance. Wakenta a gona maƙwabta suka roro mata. Yayata da ta baro ɗakinta ta zo jinya ba ta amsa gaisuwata ba har aka yi sallah, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan damina ta zagayo, wani abokin aikina ya miƙo mini salularsa a farfajiyar lakwal. Ga Inna, ba takalmi, jijiyoyin wuya a miƙe, tana jan igiya. A ƙasa an rubuta wai ƙauyen da zamani ya manta da shi, inda mata ba su da ruwa sai wannan rami. Mutane daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna ta yaba kyawun tamojin fuskarta. Tankinmu kuwa yana bayan Baturen lokacin da ya ɗauka, taku kaɗan, juyawa kawai zai yi.

Na rubuta masa cewa ƙarya ya yi. Ya amsa wai shi ruhin wuri yake ɗauka, tanki zai ɓata hoton. Na mayar masa da duk baƙar maganar da na iya a Faransanci. Bai sake amsawa ba, hoton kuma yana nan.

Na daɗe ina ɓoye wa Inna, ranar wata Juma'a dai na nuna mata. Ban karanta mata rubutun ba. Ta riƙe salular nesa da ido, ta daɗe tana kallo.

"To yanzu duk wanda ya ga wannan," ta ce, "ai cewa zai yi ban haifa ba. Ko kuwa na haifa, ba su tufatar da ni."

Ta miƙo mini salular, ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta ce in matsa mata daga hanya, awakinta ba su ci dusa ba.