Barewar da Aka Kwance wa Ɗori

Kakarmu Inna Delu ba ta yin tatsuniya don a yi dariya. Da an idar da sallar isha'i an hura wuta da karan dawa a tsakar gidanmu na Kangire, sai ta ɗaure fuska kamar mai zuwa gaban alƙali. Duk da haka rige-rigen zama kusa da ita muke yi, don gasasshiyar gyaɗa a gefen zaninta take.

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, kamfanonin Kano sun shiga farautar 'yan ƙwallo. Wani mai baƙin tabarau ya ga yayana Sabo yana wasa a Birnin Kudu, ya biyo shi har gida, ya ce gobe zai dawo da mota ya tafi da shi. Babanmu ya ce sai abin da Inna ta ce. Ita kuwa sai ta sa aka kira Sabo ya zauna cikinmu, ƙaton saurayi da shi.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "wanda ba ya son ji ma sai ya ji."

Wai akwai wata barewa da babu mai kamo ta a gudu. Kuraye suka lallaɓe ta zuwa birni tana yi musu tsere, su ci nama, ita a yi mata tafi. Ran nan ta karye, ta rarrafo gida wurin uwarta. Uwar ta taka har garin Sara ta ɗauko maɗori, ya ɗaure ƙafar da kara, ya ce kada ta taɓa ƙasa sai ya kwance da hannunsa. Ƙashi bai kama ba, sai ga kuraye da mota.

"Inna, kuraye da mota?" in ji ni.

"Rufe min baki! Na ce da mota!"

Suka sa wuƙa suka yanke ɗorin a gaban uwar, suka yi wa barewa allurar kashe zafi, suka kai ta fili. Ta yi gudu, ta ciyo musu kofi. Wanda aka gayyato ya miƙa kofin wani bishop ne, babban malamin Kirista. Duk taron nan shi kaɗai ya dubi ƙasa, ya ga ƙafa ta kumbura kamar turmi. Ya ce, "Wa ya sa yaron nan gudu a haka?" Shi ya sa shi a motarsa zuwa asibitin mishan. Kuraye kuwa suka rungumi kofi suka tafi cin kaji.

Barewa ta koma yaro a bakin Inna, ita ba ta ma lura ba. Duk muka juya wajen ƙofar zaure, inda Baffa Ilu, ƙanin babanmu, yake zaune da sandarsa da shanyayyiyar ƙafarsa. Tun da muka buɗe ido haka muka gan shi, ba mu taɓa tambaya ba.

"Inna, ki faɗa musu duka," in ji Baffa a hankali. "Barewar da kanta ta miƙa ƙafar."

"Yaro ya miƙa ƙafa, ƙattai masu gemu suka yanke ɗori! Musulmi 'yan'uwanka! Sai baƙo ne ya ji tausayinka. Allah ya isa tsakanina da su!"

Ta jefa kara a wuta ta shige ɗaki, ba ta rufe tatsuniyar ba.

Washegari Sabo ya nace sai ya tafi, ta bar shi. Abin da ta ce wa mai tabarau kawai shi ne, "Da ƙafa biyu na ba ka shi."

Na daɗe ina zaton ƙwallo Inna ta tsana. Sai da na girma na gane ba ƙwallo ba ce, mutanen da kofi ya fi musu ƙashin ɗan wani daraja ne. Har yau in na ga an fesa wa ɗan wasa magani a talabijin an tura shi fili yana ɗingishi, jama'a na tafi, wallahi raina ɓaci yake, in tashi in kashe. Jikokina su ce tsufa ne.

Sabo ya yi 'yan shekaru yana buga musu. Ranar da ya gurɗe suka zo da allurarsu, ya ce ba za a yi masa ba, suka kore shi kamar kare. Ya dawo Kangire ba kofi ba komai, yana jin kunyar haɗa ido da mutane. Inna ta tsufa tukuf a lokacin. Ba ta dubi jakarsa ba. Ta durƙusa da ƙyar, ta matsa ƙafarsa ta dama, ta matsa ta hagu, sannan ta ɗago ta ce, "To, yanzu ƙurunƙus."